Kyanwata na da ciwon ƙoda: me takardar gwajin fitsarinta ke cewa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Kyanwata ta shekara 12. Wata uku ke nan tana shan ruwa fiye da da, tana yawan fitsari, ga rama. An ɗebi jininta da fitsarinta, aka ce ƙoda ce. A takardar an rubuta USG 1.016, pH 6.0, furotin +1, fararen ƙwayoyin jini +++, suga babu, UPC 0.3, sai kiriyatinin na jini 2.3 mg/dl. Wani ya ce +++ ɗin nan cutar mafitsara ce, in sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta in fara ba ta. In fara? Kuma ciwon ya yi nisa ne?

Amsa: Sannu da jinya, 'yar'uwa, Allah ya ba ta sauƙi. Kada ki sayi maganin nan tukuna. A duk takardar da kika karanto, +++ ɗin da ya tayar miki da hankali shi ne abin da na fi rashin yarda da shi, lambobin da ba su tsorata ki ba kuma, wato 1.016 da 0.3, su ne masu magana. Zan bi miki takardar yadda nake binta idan ta zo teburina.

Abin da nake fara dubawa shi ne USG, ma'aunin kaurin fitsari. Ana kwatanta nauyin fitsarin da na tataccen ruwa, wanda aka ba lamba 1.000. Aikin ƙoda bai tsaya ga tace dattin jini ba, ita ce kuma ke maido da ruwa cikin jiki don kada ya bi fitsari ya zube. Kyanwa ta shahara a wannan aiki, domin asalinta kyanwar daji ce ta busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, inda ruwa ke wuya. Shi ya sa fitsarin lafiyayyiyar mage kaɗan ne, ga duhu, ga zarni mai ƙarfi. Ma'auninsa yakan fara daga 1.035, kuma wadda ke cin busasshen abinci takan kai 1.050 ko ta wuce. Idan lambar ta sauko tsakanin 1.008 da 1.012, fitsarin ya zama daidai da ruwan jini, wato ƙodar ba ta kaurara shi ba, ba ta kuma tsinka shi ba, wucewa kawai ya yi. Na kyanwarki 1.016 ne. Akwai sauran ƙoƙari a ƙodar, amma ta yi nesa da inda ya kamata ta kasance. Wannan ne ya kawo yawan shan ruwan da kika gani: ruwa ke zubewa ta fitsari, ita kuma tana sha don ta cike gurbin. Saboda haka kada ki kuskura ki rage mata ruwa da nufin fitsarin ya ragu.

Wannan lamba ba a karanta ta ita kaɗai, sai an ɗora ta kusa da kiriyatinin na jini, wato wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, wanda ke taruwa idan ta gaza. Kyanwar da ta yi amai kwana biyu, ko wadda zafin watan Afrilu ya busar, kiriyatinin ɗinta zai iya hawa alhali ƙodarta ƙalau take. Amma a irin wannan hali fitsarinta zai yi kauri matuƙa, domin lafiyayyiyar ƙoda riƙe ruwa take yi idan jiki ya bushe. Idan kuwa datti ya taru a jini, fitsari kuma ya fito tsinkakke, to ƙodar ce ta gaza. Haɗuwar 2.3 da 1.016 ita ce hujjar likitanki, kuma na yarda da shi.

Sai dai akwai tambayoyin da zan yi kafin in amince da 1.016 ɗin. An yi mata ƙarin ruwa kafin a ɗebi fitsarin? Idan an yi, lambar ba ta da amfani, domin ko lafiyayyiyar ƙoda za ta fitar da tsinkakken fitsari bayan ƙarin ruwa. Tana shan furosemide, maganin sa fitsari, ko wani maganin kumburi dangin prednisolone? Su ma suna tsinka fitsari. Abinci mai ruwa-ruwa yakan sauko da lambar, ko da yake da wuya shi kaɗai ya kai ta nan. Ciwon suga yana kawo irin wannan, amma takardarki ta ce babu suga. Sai wani ciwo da tsofaffin kyanwoyi ke yawan yi, na ƙullutun tayirod da ke wuya, wanda ke sa su ci da yawa suna ramewa. Shi ma yana tsinka fitsari, kuma yana ɓoye ciwon ƙoda domin yana sauko da kiriyatinin. Kyanwa mai shekara 12 da ke ramewa ta cancanci gwajin T4, wato gwajin jini na tayirod, idan ana samunsa inda kike. Tambaya ta ƙarshe ita ce da me aka auna. Ma'aunin da ake yarda da shi wata 'yar na'ura ce mai kama da guntun madubin hangen nesa, ana ɗiga mata fitsari a leƙa ta cikin haske, sunanta rifiraktomita. Idan daga tsinken gwaji aka karanto lambar, sai an sake.

Abu biyu kuma game da USG da ke ruɗar masu jinya. Wasu kyanwoyin sukan ci gaba da kaurara fitsari har bayan kiriyatinin ya fara hawa, don haka lamba mai kyau ba ta wanke ƙoda gaba ɗaya. Sannan da zarar lambar ta sauko, ba da ita ake bin ciwon ba. Idan wata mai zuwa kika ga 1.020 kada ki ɗauka ta warke, idan kika ga 1.014 kada ki ɗauka ta ƙare. Takan yi sama ta yi ƙasa gwargwadon abin da aka sha da lokacin da aka ɗiba.

Yanzu +++ ɗin. Tsinken nan mai 'yan gidaje kala-kala da ake tsomawa a fitsari, don ɗan Adam aka ƙera shi. Gidan da ke neman fararen ƙwayoyin jini yakan canza launi a fitsarin kyanwa ko da babu ƙwaya ɗaya a ciki. Wannan sanannen abu ne a likitancin dabbobi, har ana koya wa ɗalibai su yi watsi da gidan gaba ɗaya idan fitsarin mage ne. Haka gidan nitirayit, da na urobilinojin, da na kaurin fitsari, duk ba a aiki da su a kyanwa. Matsalar takan ƙaru a wurarenmu, inda sau da yawa ɗakin gwajin mutane ake kai samfurin dabba. Ma'aikacin zai rubuta abin da tsinke ya nuna da gaskiyarsa, takardar kuma ta fito da iyakokin da aka yanka wa mutum. Ba laifinsa ba ne, amma dole likitan dabba ya zauna ya sake fassara ta.

Abin da ke tabbatar da kumburi a hanyar fitsari shi ne laka. Ana juya fitsarin a inji har abin da ke ciki ya kwanta a ƙasan kwalba, a ɗebi wannan lakar a duba da madubin likita. Fararen ƙwayoyin jini fiye da 5 a kowane fili na babban madubi, nan ne ake fara maganar kumburi. Ban ga sakamakon laka a abin da kika turo ba, kuma shi ne babban giɓin takardar. Ko shi ɗin ma yana da rauni a kyanwa irin taki. Tsinkakken fitsari yana fasa ƙwayoyin jini, yana kuma warwatsa ƙwayoyin cuta har mai dubawa ya rasa su. A ɗaya ɓangaren kuma, fitsarin kyanwa cike yake da ƙananan ɗigon kitse, wanda ba ciwo ba ne, kuma wanda idonsa bai saba ba yakan ga tarkace na motsi ya rubuta ƙwayoyin cuta. Mai raba gardama shi ne shuka, wato a zuba fitsarin a faranti a ajiye kwana biyu ko uku a ga ko wani abu zai tsiro, idan ya tsiro a gwada wane magani ke kashe shi.

Ba cewa nake yi kyanwarki ba za ta iya samun cutar ba. Fitsari mai kauri shi kansa kariya ne, ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zama a cikinsa, kuma ita ta rasa wannan kariyar. Kusan ɗaya cikin biyar na kyanwoyi masu daɗaɗɗen ciwon ƙoda akan samu ƙwayoyin cuta a fitsarinsu idan aka shuka, tsofaffin kyanwoyi mata sun fi, kuma ƙwayar cutar E. coli ce kan gaba. Fitsarin da za a shuka, an fi so a ɗebo shi da allura kai tsaye daga mafitsara ta fatar ciki. Jin haka yakan sa masu kyanwa su ja da baya, amma aikin 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma da yawansu sun fi jure shi fiye da ɗibar jini. Wanda aka kwaso daga ƙasa ko daga roba, komai zai iya tsirowa a cikinsa.

Ko da shukar ta nuna ƙwayoyin cuta, ba nan take ake ba da magani ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar ISCAID ta masana cututtuka masu yaɗuwa a dabbobin gida ta fitar a 2019 sun ce dabbar da ke ɗauke da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da wata alama ba, galibi ba a yi mata magani. Alamun da ake nema su ne yawan tsugunawa ana ɗiga kaɗan-kaɗan, kuka lokacin fitsari, jini a fitsari, ko yin sa a wuraren da ba ta saba ba. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne cutar ta haura ta shiga ƙodar kanta: zazzaɓi, jin zafi idan an taɓa kwiɓi, ƙin abinci, kiriyatinin ya yi tsalle cikin ɗan lokaci. Wannan kam magani ake yi ba tare da jinkiri ba.

Dalilin da ya sa na dage kan kada ki sayo magani da kanki shi ne, abin da za a miƙo miki a shago zai iya ƙarasa ƙodar. Gentamicin, da ke ko'ina a shagunan magungunan dabbobi, guba ne ga ƙoda. Enrofloxacin yana makantar da kyanwa idan ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana, kuma mai raunin ƙoda ta fi shiga haɗarin domin maganin yana daɗewa a jikinta. Ibuprofen da diclofenac suna lalata ƙodar mage. Paracetamol kuwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ina roƙon duk mai kyanwa da ya riƙe wannan.

Mu koma furotin, inda na fi so ki sa hankalinki. Lafiyayyiyar ƙoda kamar rariya mai ƙananan idanu take, datti ya wuce, furotin ya tsaya a jini. Tsinke ya ce +1, amma wannan ma sai an haɗa shi da kaurin fitsari. Ƙwayar sukari ɗaya a ƙaramin kofin shayi da ƙwaya ɗaya a babban kwano ba ɗanɗano ɗaya za su ba da ba. Idan har kika ji zaƙi a babban kwanon, to sukarin da aka zuba da yawa ne. Haka +1 a fitsari mai kaurin 1.055 sau da yawa ba komai ba ne, amma +1 a 1.016 abin bincike ne. Tsinken kuma yakan yi ƙaryar furotin a kyanwa, musamman idan pH ya yi sama. Don a kauce wa wannan ruɗu ake yin UPC: a auna furotin na fitsari, a auna kiriyatinin na fitsarin, a raba na farko da na biyu. Yawan ruwa ko ƙarancinsa ba ya canza amsar.

Ƙungiyar IRIS, wadda aka kafa a 1998 kuma likitocin dabbobi a duniya ke bin tsarinta na ciwon ƙoda, ta raba UPC na kyanwa gida uku. Ƙasa da 0.2 babu zubar furotin. Daga 0.2 zuwa 0.4 ana kan iyaka. Sama da 0.4 akwai zuba. Taki 0.3, tsakiyar iyaka. Lambar ƙarama ce a ido, amma binciken da aka yi kan kyanwoyi a Landan, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa waɗanda ke tsakanin 0.2 da 0.4 haɗarin mutuwarsu ya kusa ninki uku na waɗanda ke ƙasa da 0.2, na sama da 0.4 kuma ninki huɗu. Ban faɗi wannan don in karya miki zuciya ba. Na faɗa ne don ki ga cewa wannan ce lambar da ta cancanci kuɗin maimaitawa.

Kuma dole a maimaita, domin UPC guda ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi yana ɗaga shi na ɗan lokaci. Mugunya, ƙwayoyin cuta, ko jinin da har ya canza launin fitsari, duk suna ƙara furotin da ba daga ƙoda ya fito ba. Shi ya sa ake duba laka tukuna, in ta fito fes sannan a yarda da UPC. Ana so a samu aƙalla samfuri biyu, da tazarar mako biyu ko fiye, wanda ke kan iyaka kuma a sake duba shi cikin wata biyu. Idan ya tabbata sama da 0.4, akwai magungunan rage zubar, telmisartan ko benazepril, tare da abincin masu ciwon ƙoda, amma ba a fara su a kyanwar da jikinta ya bushe ko take amai. Yawancin ciwon ƙodar tsufa a kyanwa yana cin ƙananan bututun ƙodar ne, don haka UPC ɗinsu bai cika wuce 1 ba. Idan aka ga ya kai 2 ko fiye, rariyar kanta ce ta yage, sai a nemi dalili, a gwada cututtuka irin su FIV da FeLV, masu karya garkuwar jikin kyanwa. A ƙarshen ciwo kuma UPC yakan sauka don wuraren tacewar sun ƙare, saboda haka saukarsa tare da hawan kiriyatinin ba albishir ba ne.

Furotin da hawan jini tare suke tafiya. Ban ga an auna mata hawan jini ba, kuma ya kamata. Lambar sama da ta tsaya a 160 ko fiye, bayan an maimaita cikin natsuwa, hawan jini ne, kuma a kyanwa yakan ɓoye har ranar da za a wayi gari ta makance. Amlodipine yana aiki sosai a kansu, kuma saukar hawan jinin yakan rage furotin ɗin ma.

Sauran gidajen ba za su ɗauke mu lokaci ba. pH, wato ma'aunin tsamin fitsari, 6.0 daidai ne ga mai cin nama. Idan ya haura 7.5, ko fitsarin ya daɗe a ajiye, ko an ɗiba bayan cin abinci, ko akwai ƙwayoyin cuta irin Proteus da Staphylococcus. Rashin suga labari ne mai daɗi ta fuska biyu: da wuya a ce ciwon suga ne, sannan suga a fitsari alhali na jini daidai yake alama ce ta sabon rauni a bututun ƙoda, irin na guba. Kyanwa mai tsananin tsoro a asibiti ma sugan jininta kan hau har ya ɓulla a fitsari. Bilirubin, ruwan ɗorawar da ke fita idan hanta ta taɓu, ko kaɗan aka gani a fitsarin mage abin bincike ne, saɓanin kare. Ɗan jinin da madubi kaɗai ke gani a fitsarin da aka ɗebo da allura, sau da yawa allurar ce ta jawo. Idan ya ci gaba da bayyana, sai a yi hoton ciki, domin tsakuwar ƙoda da ta bututun da ke sauka zuwa mafitsara, wadda kusan dukkanta kalsiyam okzalet ce, tana yawan rakiyar ciwon ƙoda a kyanwa, kuma abinci ba ya narkar da ita. Hoton ya zama dole idan 'yar Farisa ce mai dogon gashi, don suna gadon wani ciwo da ke cika ƙoda da ƙulluttukan ruwa. Ƙananan duwatsu masu ƙyalli da ake gani a laka kuwa, ba su ne tsakuwa ba. Fitsarin da ya kwana a firji yakan haifar da su da kansa.

Ko ciwon ya yi nisa? Matakin ciwo daga jini ake sanin sa. A tsarin IRIS, kiriyatinin ƙasa da 1.6 mataki na 1 ne, 1.6 zuwa 2.8 mataki na 2, 2.9 zuwa 5.0 mataki na 3, sama da 5.0 mataki na 4. Idan 2.3 ɗin ya tabbata a gwaji na biyu, lokacin da take ci tana sha yadda ta saba, tana mataki na 2, furotin kan iyaka, hawan jini ba a sani ba tukuna. Kyanwoyi da yawa a wannan mataki suna ƙara shekara biyu, uku ko fiye cikin walwala idan aka kula da abinci da ruwa, aka kuma hana sinadarin fosfet na jini hawa. Abin da ke sa ni taka tsantsan shi ne ramar da kika ambata. Daga tsoka kiriyatinin ke fitowa, don haka ramammiyar kyanwa lambarta takan yi ƙasa da ainihin ciwonta. Gwajin SDMA, wani gwajin jini na aikin ƙoda, bai damu da tsoka ba. Idan ya fito tsakanin 18 da 25 ya yi daidai da mataki na 2, idan ya ci gaba da wuce haka sai a kula da ita a matsayin mai mataki na gaba.

Idan kika koma wurin likitanki bayan mako biyu zuwa huɗu, ki nemi a ɗebi fitsari da allura kafin kowane ƙarin ruwa, a auna kaurinsa da na'ura, a duba laka cikin awa ɗaya, a shuka, a maimaita UPC da kiriyatinin, a haɗa da fosfet da fotasiyam, a auna hawan jini da nauyinta. Idan asibitin da ke kusa da ke ba shi da kayan, ki tambayi likitan ya tura ki asibitin koyarwa na dabbobi, irin na jami'o'in Zariya, Sakkwato ko Maiduguri. In ya zama a gida za ki tara fitsarin don auna kauri da UPC, ki wanke robarta da ruwa zalla ki shanya, kada ki zuba yashi ko wani abu mai tsotse ruwa, ki zuƙe shi da sabon sirinji da zarar ta yi, na safe ya fi. Ki kai shi nan da nan, in da jinkiri ki rufe shi ki sa a firji, ki kuma gaya musu ƙarfe nawa ta yi shi.

Kada ki jira ranar komawa idan ta yi yini da kwana ba ta ci komai ba, ko tana ta amai, ko ta fara karo da kaya kamar ba ta gani, ko kuma fitsarin da ke da yawa ya ɗauke farat ɗaya. Wannan na ƙarshen yana iya nufin tsakuwa ta toshe hanya ko ƙodar ta tsaya, kuma a ranar ake kai ta asibiti.